Fasadabur da Danginta

Fasadabur itaciya ce matsakaiciya, tsawonta yakan kai mita 3 zuwa 8. Asalinta yankunan zafi na nahiyar Amurka ne da tsibiran Karebiyan, daga can Turawan Sifaniya da na Fotugal suka yaɗa ta zuwa Asiya da Afirka. A shekarar 1753 masanin tsirrai Linnaeus ya ba ta suna Annona squamosa, kalmar ta biyu kuwa tana nufin mai ɓawo kamar na kifi, saboda kamannin ɗanta.

Ɗan fasadabur bai cika wuce girman dunƙulen hannu ba. Bayansa kore ne, mai ƙulle-ƙulle, cikinsa fari ne mai laushi da zaƙi, shi ya sa Larabawan Masar da Sudan ke kiransa ƙishɗa, wato maɓallin madara da ke tasowa a sama. Kowace tsoka tana ɗauke da ƙwallo baƙi mai sheƙi. Ba a tauna ƙwallon, domin yana da dafi; a Indiya akan daka shi a kashe ƙwarƙwata da shi, amma in ya shiga ido yana yin illa ƙwarai. Da ya nuna sai ya yi lugub, ya rarrabu da kansa. Wannan ne ya sa ba ya jure doguwar tafiya, an fi samunsa kusa da lambun da aka tsinko shi.

Abin da ya fi dacewa ɗalibin harshe ya lura da shi shi ne sunayen danginta. Tun kafin zuwan fasadabur, ƙasar Hausa tana da 'yar uwarta ta jini, wato gwandar daji, Annona senegalensis, wadda makiyaya da yara ke ci a jeji. Gwandar da ake shukawa a gida kuwa, Carica papaya, ba danginsu ba ce ko kusa, ita ma baƙuwa ce daga Amurka. Tsofaffin ƙamusoshi sun kawo ta da sunan gwandar Masar, kamar yadda ake danganta sunan masara da Masar. Sannu a hankali baƙuwar ta mallake kalmar gwanda ita kaɗai, 'yar gida kuma sai an ƙara mata "daji" kafin a gane ta.

A wasu wuraren ana kiran ita kanta fasadabur gwandar Masar, don haka mai fassara ya tabbatar da wace itaciya marubuci yake nufi kafin ya zaɓi kalma.