Ofosam da Fosam

Ofosam da fosam dabbobi ne masu shayarwa waɗanda ke rainon 'ya'yansu a cikin wata jaka da ke jikin cikin uwa. Sunayen sun yi kama, amma dabbobin ba dangi na kusa ba ne. Ofosam na nahiyar Amurka ne, fosam kuwa na Ostiraliya da tsibiran da ke kusa da ita, kuma ya fi kusanci da kangaru da kowala.

Asalin suna

Kalmar ofosam ta fito ne daga harshen Fowhatan na 'yan asalin yankin Bajiniya, Turawan Ingila suka are ta a farkon ƙarni na 17. A shekarar 1770 masanin tsirrai Joseph Banks ya ga wata dabba a Ostiraliya, ya kwatanta ta da ofosam, sunan ya bi ta. Daga baya wasalin farko ya faɗi. Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne, Amurkawa ma kan taƙaita sunan tasu dabbar su ce fosam.

Bambanci

Ofosam na da dogon baki, da haƙora 50, da wutsiya marar gashi kamar ta gafiya. Idan ya tsorata ƙwarai yakan sandare kamar matacce. Fosam ɗin da aka fi sani yana da wutsiya mai yalwar gashi, kuma ganye ne yawancin abincinsa.

Ɓarna a Niyu Zilan

An fara kai fosam Niyu Zilan a 1837 domin cinikin fatarsa, amma sai a 1858 ya kafu. A Ostiraliya mesa da mujiya da karen daji suna rage yawansa. A sabuwar ƙasar kuwa babu mai farautarsa, domin in ban da jemage, babu wata dabba mai shayarwa ta tudu da take 'yar asalin can. Nan ya hayayyafa har ya kai miliyoyi. Yana cinye ganyen itatuwa irin su rata har su bushe, yana shan ƙwan tsuntsaye, yana kuma yaɗa tarin fuka ga shanu, wanda ya fi damun makiyaya.

Hukumomi na amfani da tarko da gubar da ake kira 1080, wadda ake watsawa daga jirgin sama, ko da yake mafarauta da wasu mazauna karkara na adawa da ita. A 2016 gwamnati ta ƙuduri aniyar kawar da fosam kafin 2050. A Ostiraliya kuwa, doka ce ke kare shi a yawancin jihohi.