Kwafi Ɗaya A Ƙetaren Kogi

Shiga duk shagon buga takardu da ka ga dama a Kakuri ko Barnawa ko Sabon Tasha a Kaduna, ka tambayi mai shagon inda ya ajiye aikin mutane. Kwamfutar da ke gabansa zai nuna maka. Furojet ɗin ɗalibai, hotunan biki, takardun filaye, lissafin bashi, duk suna cikinta. Ran da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona ta, ko ɓarawo ya fasa shagon, sai salati. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A da, wajen ajiye kwafi, faifai muka sani. CD na ɗaukar megabait 700, DVD kuma gigabait 4.7. Har yanzu faifai yana da wata fa'ida da ake mantawa da ita: irin wanda ake ɗurawa sau ɗaya, abin da aka rubuta a kai ya zauna, ƙwayar cutar kwamfuta ba ta iya goge shi. Amma ba ya son rana. Wani siririn rini ne ke riƙe da bayanan, zafi da haske suna cinye shi a hankali, ƙurar hunturu kuma ta karce fuskar. Ga shi yawancin sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba su ma da wurin sa faifai.

Had-dis na waje mai terabait 1 ya fi faifan DVD 200 ɗaukar kaya. Rauninsa faɗuwa, domin akwai faranti mai juyawa a cikinsa. Ya suɓuce daga tebur yana aiki, wataƙila shi ke nan. Filashi kuwa, ni dai ɗan aike na ɗauke shi, ba ma'aji ba. Ballantana jabun da ke yawo a kasuwa, a jiki an rubuta gigabait 64, a ciki ko kusa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sayi had-dis a bar shi jone da kwamfuta dare da rana. A Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila, kuma irin waɗannan cututtuka sukan bi duk abin da ke jone su kulle shi. In ka gama kwafa, zare had-dis ɗin.

Sai batun nisa. Waɗanda suka ga ambaliyar Kogin Kaduna a Agustan 2003 sun san ruwa ba ya tambayar wanne ne asali, wanne ne kwafi. Gobara ma haka. Masana sun ce a yi kwafi 3, a kan na'ura iri 2, 1 daga ciki a wani wuri dabam. Mu da muke haye gada kullum, wannan ai ba wuya. Ɗura muhimman takardunka da hotuna a faifai, ka buɗe ka tabbata sun shiga, ka rubuta kwanan wata a kai, sannan ka kai wa ɗan'uwanka na Kawo ko Tudun Wada a ƙetaren kogi ya ajiye maka.