Masu Buɗe Waya a Kasuwar Umdurman

Wanda ya shiga Kasuwar Umdurman da hantsi, a shekarun da ake zaman lafiya, hancinsa ne ke fara yi masa jagora. Ga turaren sandal, ga ƙamshin gahawa mai citta da mata masu shayi ke dafawa a bakin rumfuna, ga warin sabuwar fata daga layin dukawa masu ɗinka takalmin markub. Kasuwar ta kafu ne tare da garin, lokacin da Halifa Abdullahi ya riƙe Umdurman a matsayin babban birnin daular Mahadi daga 1885 har zuwa yaƙin Karari a 1898. Tun daga wancan zamani kowace sana'a da layinta: maƙeran zinariya, 'yan yadi, masu kayan yaji, mahauta.

Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Tsohuwar hanyar Makka ta ƙasa, wadda ke tashi daga Kano ta bi Maiduguri, Abeche, Junaina, Fashir da Ubayyid, a bakin Nilu take sauke mutum kafin ya nufi Suwakin ya hau jirgin ruwa. Da yawa guzuri ya ƙare musu suka zauna, wasu kuma sun biyo hijirar da aka yi bayan yaƙin Burmi a 1903, wadda ta haifar da garin Mai Wurno. Larabawan Sudan na kiran su Takari ko Fallata. Tsiren da duk Sudan ke so sunansa agashe, kuma duk mai jin Hausa ya san inda kalmar ta fito. A da, matafiyi in ya iso kasuwar nan jakinsa yake sayarwa, ya canji kuɗi, ya nemi mai masauki. Jikansa kuwa, ko ɗalibi ne da ya zo Jami'ar Afirka ta Khartoum, ko ɗan kasuwa, ko mai shirin tsallakawa Jidda, layin waya yake fara nema.

Masu harkar waya ba su da layi mai tsohon suna kamar maƙera. Sun raɓe ne a gefe-gefe, wajen tashoshin mota irin Shuhada, a shagunan da ba su fi a shimfiɗa tabarma ɗaya ba: akwatin gilashi cike da wayoyi, tsohuwar kwamfuta, fitila mai madubin ƙara girma, tarin igiyoyin caji. Kafin yaƙin 2023, manyan dilolin suna can tsallaken kogi a Suk al-Arabi, kamar yadda mai shagon unguwa a Kano ke dogara da Farm Centre. Baƙo zai sayi layin Zain, ko MTN, ko Sudani, a zura masa a waya, sai allo ya nuna cewa wayar ba ta karɓi layin ba. Mai shago ya juya ta, ya ce "mushaffar". Aikin da za a yi mata kuma sunansa fakkush shafra, wato kwance kulli.

In aka dace yaron shagon ɗan Takari ne, sai zance ya koma Hausa, Hausar da Larabci ya ɗan ratsa.

"Baba Alhaji, wa ya ba ka wannan?"

"Ɗana ne ya aiko min daga Amurka. Sabuwa ce fil."

"Ai ba a ce tsohuwa ba ce, Baba. Ya gama biyan kuɗinta?"

Wannan tambayar ita ce gindin sana'ar duka. Kullen nan ba lalacewa ba ne, bashi ne. A Amurka kamfanoni irin AT&T da T-Mobile kan ba mutum waya ya riƙa biya wata-wata, shekara biyu ko uku, su ɗaure ta yadda ba za ta ji layin kowa ba sai nasu. Jingina ce ta zamani, sai dai kayan jinginar na hannun mai cin bashin. Kanada ta hana sayar da waya a kulle tun Disambar 2017, Ingila ta bi sahu a Disambar 2021. Amurka kuwa, dokar da ta yi a 2014 ta halatta wa mai waya ya buɗe abarsa ne kawai, ba ta hana kamfani kullewa ba. Shi ya sa mafi yawan kullallun wayoyin da ke gangarowa ta Dubai zuwa Umdurman ko Kano daga can suke. Wani ya ci bashi a Texas, ya sayar da wayar kafin ya gama biya, bashin ya biyo ta har bakin Nilu.

Abin da mai gyara ke fara yi shi ne ya danna *#06#, lambar IMEI mai alƙaluma 15 ta fito. Da ita ake gane kamfanin da ya kulle wayar da kuma ko tarihinta na da tabo. In tsohuwar Samsung ce, da sauƙi: lambar sirri take nema, kuma akwai 'yan akwatunan da ake jona wa kwamfuta, irin Z3X da Octoplus, da ke iya kwance wasu samfuran kafin shayi ya huce. Amma gwajin lambar ƙidayayye ne. Mai garaje da ya yi ta cusa lambobin ƙarya sai ya ƙara wa wayar wani kullin a kan na farko.

iPhone kuwa ba ta san wannan wasa ba. Makullinta ba ya cikin wayar, yana cikin rumbun kwamfutocin Apple, kuma kamfanin da ya kulle ta ne kaɗai zai ce a sake ta. Don haka mai shagon Umdurman, duk da fitilarsa da ƙananan sukundireba, a nan dillali ne. Yana tura lambar ga wani, wanin ya tura ga wani, a jira kwana uku ko mako biyu, wani lokaci kuɗin ya dawo ba a yi komai ba. Abin takaicin shi ne ɗan Alhaji da ke can, in ya gama biya, zai iya neman a buɗe ta kyauta daga inda yake zaune. Mai shago mai tsoron Allah yakan faɗi haka. Ba duka ke faɗi ba.

Akwai kuma ta gajeren haƙuri: wani siririn cif kamar ɓawon albasa da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin layi, ya yaudari wayar ta ɗauka layin gidansu ne. Yana aiki, har ranar da aka sabunta manhajar wayar ko aka canza layi. Ni dai ban ga hikimar matafiyi ya dogara da shi ba, tunda canza layi shi ne dalilin zuwansa shagon. Zai iya fita Umdurman da waya lafiya, ya sauka Jidda ya sa layin Saudiyya, ta yi gum.

Wani kullin kuma daban ne, ko da yake masu saye kan haɗa su. Tun 2013 Apple ta ɗaure kowace waya da asusun mai ita, Google ma ta kawo irin nata a 2015. Wayar da ke neman asusun wani, ko wadda aka sa lambarta a jerin na sata, ba maganar kamfanin layi ba ce. Maganar mai ita ce, kuma yana wani wuri yana nema.

Gwanintar yaran nan ba banza ta zo ba. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan a 1997 ya sa shekara da shekaru babu wakilin manyan kamfanonin Amurka, kuma ko sauke manhaja sai da dabara. An sassauta kan kayan sadarwa a 2015, aka ɗage yawancin takunkumin a Oktoban 2017, amma kafin nan dole ta riga ta koya musu komai da kansu.

Sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Ɗaliban Najeriya da aka kwasa a motoci zuwa iyakar Masar, da dubban 'yan ƙasa da suka nufi Port Sudan ko Chadi, sun gane cewa wayar da ba ta karɓar layin wata ƙasa nauyi ce kawai a aljihu. Ga waɗanda suka zauna, waya ta zama jakar kuɗi, domin da manhajar Bankak ta Bankin Khartoum ake sayen burodi a karɓi taimakon dangi. A Fabrairun 2024 layuka suka ɗauke kusan a duk ƙasar, mutane suka koma biyan kuɗi su zauna kusa da farantin Starlink. Tsohuwar kasuwar ta zama fagen daga, aka wawashe ta, rumfuna da dama suka ƙone. Ciniki ya koma arewa, Kasuwar Sabrin a Karari, inda ruwan bama-bamai ya kashe mutum fiye da hamsin ranar 1 ga Fabrairu, 2025. Wayoyin da aka ƙwace a shingaye da gidaje kuwa, sai da suka nemi mai buɗe su, kuma kowane mai gyara ya san abin da ya karɓa da abin da ya mayar.

Da sojoji suka karɓe tsohon garin a 2024, sannan Khartoum a Maris 2025, 'yan kasuwa suka fara komawa suna share toka. Mai gyaran waya ya fi maƙerin zinariya saurin tashi, don jarinsa jaka ɗaya ce. Sai dai sana'ar na sauya masa a hannu: tun daga iPhone 14 a 2022, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da ma ramin sa layi, balle inda za a shimfiɗa cif.

Shi kuwa Baba Alhaji, yayin da ake jiran amsa daga Amurka, yaron kan jawo masa wata 'yar Itel ko Tecno mai layi biyu daga cikin gilashi, irin wadda ba a taɓa kullewa ba. Ya sa masa na Sudan a rami ɗaya, ya bar ɗayan fanko saboda Jidda.