Hawan dutse a Abuja: Ƴar jakar da za ta iya ceton ranka

Idan ka zo Abuja abokai suka ja ka hawan duwatsun Mpape ko Ushafa, kada ka tafi hannu rabbana. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwan sama kan sauko ba zato, dutse ya yi santsi, sabis ma ya ɗauke.

Ƴar jaka ta isa: ruwa lita 2, tocila, ashana cikin leda, ƙaramar wuƙa, bandeji, ORS da usur. Usur ya fi ihu, don murya kan dishe. Busa 3 a jere alamar neman ɗauki ce.

In maciji ya yi sara, kada a tsaga wurin, a garzaya asibiti. Lambar gaggawa 112. Kafin ka fita, faɗa wa wani inda za ka da lokacin dawowarka.