Ƙarfe Biyu da Rabi na Dare: Rayuwar Ernestine Shepherd

(KIƊAN BUƊE SHIRI, SANNAN A SASSAUTA)



Ƙarfe biyu da rabi na dare. Ko zakara bai motsa ba, balle ladan. A irin wannan lokaci ne wata dattijuwa a birnin Baltimore na jihar Maryland a Amurka ta shafe shekara da shekaru tana sauko da ƙafa daga gado. Sai ta yi addu'o'inta irin na mabiya addinin Kirista, ta karya da farin ƙwai, ta ɗaure igiyar takalmi, ta faɗa cikin duhu da gudu. Kafin maƙwabta su buɗe ƙofa ta ci wajen kilomita 16. Ba a gama ba. Da hantsi kuma tana gidan motsa jiki, tana ɗaga ƙarfe.

Sunanta Ernestine Shepherd. A 2010 kundin bajinta na Guinness ya rubuta ta a matsayin macen da ta fi kowace mace shekaru a duniya cikin masu shiga gasar murɗaɗɗen jiki. A lokacin ta haura saba'in.

(KIƊA KAƊAN)

Wanda ya ji haka zai ɗauka da wasanni ta tashi. Ina! An haife ta ranar 16 ga Yunin 1936, ta yi aikin sakatariya a makaranta, ta kuma taɓa tallan kayan sawa. Da bakinta ta sha faɗa cewa ita 'yar ƙwalisa ce, ba ta son duk abin da zai sa ta gumi ko ya ɓata mata gashi da farce. Har ta kai shekara 56 ba ruwanta da motsa jiki.

Rannan ita da yayarta Mildred Blackwell, wadda ake wa laƙabi da Velvet, suka tsaya gwada kayan ninkaya. Suka dubi madubi, suka dubi juna. To, madubi dai ba ya kara. Daga nan suka shiga ajin motsa jiki da kiɗa, sannu a hankali har suka kai ga ƙarafa.

Velvet ce uwar tafiya. Ita ta fara hango gasa, ita ta ƙulla burin cewa wata rana sunansu zai shiga kundin Guinness, su biyu, ya da ƙanwa. Allah bai nufa ba. A farkon shekarun 1990 wata jijiyar jini da ta kumbura a ƙwaƙwalwar Velvet ta yi ajalinta. Kafin ta cika, ta karɓi alkawari daga ƙanwarta cewa ba za ta yar da abin da suka faro ba.

Ba ta cika alkawarin nan take ba, kuma a nan ne labarin ya fi kama da na mutane irinmu. Ernestine ta ajiye komai. Baƙin ciki ya kwantar da ita, hawan jini ya shigo, ga firgita, ga ƙwannafi, ga magunguna. Sai da aka ɗauki lokaci kafin ta miƙe. Amma alkawari kaya ne, wanda ya ɗauka shi ya san nauyinsa. Ta koma gudu, ta koma ƙarfe. Daga baya ta nemi wani tsohon zakaran gasar Mr. Universe, Yohnnie Shambourger, ta ce ya horar da ita. Tana da shekara 71 ta hau dandamalin gasa karo na farko, ta kuma zo ta ɗaya a rukuninta.

(KIƊA)

To wai mece ce wannan gasa? Ba dambe ba ce, ba kokawa ba, ba kuma gwajin wanda ya fi ɗaga nauyi ba. Babu ƙarfe ko ɗaya a kan dandamali. Jikin ne kawai ake dubawa. Alƙalai na zaune a jere, 'yan takara su fito su juya gaba, gefe, baya, a duba cikar tsoka, daidaiton sama da ƙasa, dama da hagu, da yadda kowace tsoka ta fito fili ba kitse ya lulluɓe ta ba.

Babbar gasar mata, Ms. Olympia, an fara ta a 1980, Rachel McLish ta lashe ta farko. Baƙaƙen fatar Amurka biyu ne suka fi daɗewa a kan kujerar: Lenda Murray sau 8, Iris Kyle sau 10. A 1995 aka buɗe wani rukuni daban, inda bayan duba jiki 'yar takara za ta yi wasan kamar minti biyu da kiɗa, da tsalle, da alkafura, da tsayuwa a kan hannu. Galibin waɗanda ke haskawa a nan tun suna yara suka koyi wasan lanƙwasa jiki, kamar Oksana Grishina 'yar Rasha, wadda ta riƙe kambun shekara huɗu a jere, daga 2014 zuwa 2017.

Minti biyu ke nan, ko biyar. Amma me ke bayansu?

Shekarar 'yar gasa kashi biyu ce. Akwai watannin gini: a ci a ƙoshi, a ɗaga nauyi, ana ƙara shi kaɗan-kaɗan. Tsoka ba a lokacin atisaye take girma ba. Atisaye gajiyar da ita yake, ya ɗan yi mata rauni, sai jiki ya gyara ta lokacin barci da hutu, ya ƙara mata kauri don gobe. Shi ya sa ake raba kwanaki, yau ƙafafu, gobe baya, jibi ƙirji da kafaɗu, kowane sashe ya samu sararin farfaɗowa.

Sai kashi na biyu, mai wuyar. Kamar mako 12 zuwa 16 kafin gasa ake fara rage abinci don kitse ya zube tsoka ta tsaya. A nan ma'auni ke shiga kicin. Shinkafa a awo, naman kaza a awo, ganye a awo. A je biki da ɗan kwanon abinci a jaka, mutane na cin daɗi kana kallo. Ga atisayen tsayuwa gaban madubi, domin ɗaure tsokar jiki gaba ɗaya kana murmushi, kamar ba abin da ke damunka, aiki ne mai zaman kansa.

Bari in faɗi wata gaskiya da hotuna ba sa faɗa. Jikin da ake gani ranar gasa ba jikin zama ba ne. Na kwana kaɗan ne. Mace in kitsen jikinta ya yi ƙasa sosai, kuma abin da take ci bai kai abin da take ƙonawa ba, jinin al'ada na iya ɗaukewa, ƙashi ya fara rauni, barci ya lalace, zuciya ta yi ta ɓaci ba dalili. Likitocin wasanni sun daɗe da sanin wannan, har a 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya fitar da matsaya a kan matsalar. Akwai kuma masu bin gajeriyar hanya da ƙwayoyin ƙara tsoka, waɗanda ke sauya wa mace murya su kuma taɓa hanta da zuciya. Shi ya sa ake da gasannin da ke haramta su, kuma irinsu ce Ernestine ta fara shiga.

Abincinta ba wani abin mamaki: dafaffen farin ƙwai ba gwaiduwa, kaza, ganyayyaki, wajen kalori 1,700 a yini. A lokacin da take ganiyarta takan yi gudun kusan kilomita 130 a mako, ta kuma kammala gudun fanfalaki sau tara, kowanne kilomita 42 da 'yan kai.

(KIƊA KAƊAN)

Na san akwai mai sauraro da ke cewa, ai wannan shiga ta dandamali ba tamu ba ce. Haka ne, kuma ba ita ta kawo mu ba. Abin da ya ja hankalina shekarun ne. Daga wajen shekara 30 tsokar ɗan Adam ke fara raguwa, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri, musamman ga wanda ke zaune. Shi ne za ka ga tsohuwa ba ta iya tashi daga tabarma sai an miƙa mata hannu, mu ce tsufa ne. Tsufa ne, amma ba shi kaɗai ba ne.

A 1990 wata likita, Maria Fiatarone, da abokan aikinta suka wallafa wani bincike da suka yi a gidan kula da tsofaffi a Boston. Mutum goma ne, masu shekaru casa'in ko kusa da haka. Aka sa su atisayen ƙafa da nauyi na mako takwas. Ƙarfin waɗanda suka kammala ya ninka fiye da sau biyu. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya na ba manya shawarar aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, mata da maza, har da tsofaffi. Kakanninmu ba su san wannan shawara ba, amma taɓarya da guga sun biya musu. Mu da injin niƙa da famfo suka hutar, sai mu san inda za mu samo namu.

Ita Ernestine abin da ta mayar da hankali a kai ke nan. Ta zama mai horarwa, tana koyar da ajin motsa jiki ga dattawa a Baltimore, yawancinsu mata, wasu ma 'ya'yan cikinta ne a shekaru.

Kambun Guinness ɗin bai daɗe a hannunta ba. An sake tabbatar mata da shi a 2011, sai a 2012 wata mata daga birnin Denver, Edith Connor, mai shekara 77, ta karɓe. Hakan bai sauya mata lokacin tashi ba. A 2020, tana da shekara 84, mawaƙiya Beyoncé ta saka ta a fim ɗinta Black Is King, kuma da yawa daga matasan da suka kalla sai daga baya suka san cewa wannan dattijuwa mai furfura da damtse sai da ta kai 56 kafin ta fara motsa jiki.

(KIƊAN RUFE SHIRI YA SHIGO A HANKALI)