Madubin Bindiga Mai Araha: Girman Lamba Ba Shi Ne Saiti Ba

Duk mai yawan latsa waya ya taɓa cin karo da tallar: baƙin bututu mai gilashi gaba da baya, an rangaɗa masa 6-24x50 a jiki, ga fitila ja da koriya a ciki, kuɗinsa kuma bai kai na waya mai ɗan dama-dama ba. Madubin saiti ke nan, wanda ake ɗaura wa bindiga a bisa don ya jawo abin hari kusa da ido. A ƙasa irin ta Gezawa, inda harbi tsohuwar sana'a ce, kuma yaro kan tashi yana jin labarin maharba da bindigar toka, ba abin mamaki ba ne idan saurayi ya tsaya a kan hoton ya fara lissafin aljihunsa. To amma cikin waɗannan madubai wanne ne kaya, wanne ne tarkace?

Bindigar da ake magana a kanta ƙarama ce, ta wasan harbin takarda, mai cin harsashin da ake kira .22 LR. Wani kamfanin Amurka mai suna Stevens ne ya fito da shi a 1887, kuma har yau babu harsashin da ya kai shi farin jini a wajen masu koyon saiti. Abin da ya raba shi da manyan harsasai shi ne inda maganin kunna albarushinsa yake: a cikin leɓen gindin kwanso, zagaye, ba a tsakiya ba. Dalma ce ƙarama, faɗinta milimita 5.6, nauyinta giram biyu da rabi da ɗoriya, tana barin bakin bindiga da gudun mita 330 ko kusa da haka a daƙiƙa. Ba ta da dukan kafaɗa, ba ta da ƙara sosai, ga sauƙin kuɗi. Da ita ake gasar mita 50 a wasannin Olamfik.

Wani abin lura kuwa, a can Olamfik ɗin an hana madubi mai ƙara girma. Gwanayen duniya ta wani ɗan rami suke leƙawa, su auna da'irar maki goma wadda faɗinta milimita 10.4 ne kacal, kuma su same ta a jere. Wato madubi ba ya koya wa mutum harbi. Amfaninsa dai shi ne ya haɗa abin hari da alamar saiti wuri guda a gaban ido, ya hutar da mai raunin gani, ya kuma bar maharbi ya ga inda harsashinsa ya huda ba sai ya taka ba.

Lambobin jikinsa ba su da wuyar karantawa. Idan an rubuta 3-9x40, ana nufin yana ƙara girma daga ninki uku zuwa tara, gilashinsa na gaba kuma faɗinsa milimita 40. Raba na biyu da na farko, sai ka sami kaurin hasken da ke fitowa ya shiga ido: 40 a raba tara, milimita huɗu da 'yan kai. Wancan na talla, idan aka murɗa shi zuwa 24, hasken da yake bayarwa kimanin milimita biyu ne kacal. Ka ɗan gusa kai kaɗan, sai hoton ya yi baƙi. Ga shi gilashi mai arha ba ya jure ninki mai yawa: gefuna su yi hazo, launuka su rabe, abin hari ya yi girma amma ba ya fitowa tas. Bugun zuciyar maharbi ma sai ya bayyana a ciki, alamar tana rawa. Da rana tsaka a watan Afrilu, lokacin da ƙasa ke turiri, madubi mai ninki 24 kawalwalniya yake ninkawa. Masu sayarwa sun san babbar lamba ke jan mai saye, shi ya sa suke zuba kuɗin a kanta su tsuke a wuraren da ido ba ya gani. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, amma a wannan kasuwa araha ce ta fi kowa ado.

Babban abin da ya kamata a tambaya, wanda mai talla ba ya ambata, shi ne nisan da aka daidaita madubin a kai. Miƙa hannunka ka ɗaga babban yatsa, ka rufe wata bishiya da shi, sannan ka karkata kai dama da hagu ba tare da motsa hannun ba. Za ka ga yatsan yana sauka daga kan bishiyar, alhali babu abin da ya gusa sai idonka. Irin wannan gocewa tana faruwa a cikin madubi. Gilashin gaba yana zana hoton abin hari a wani wuri cikin bututun, zaren saiti mai kama da gicciye kuma yana kafe a nasa wurin. Idan hoton ya faɗa daidai kan zaren, duk inda ka sa ido saitin ɗaya ne. Idan ya faɗa gabansa ko bayansa, to zaren zai riƙa yawo a kan takardar gwargwadon yadda kumatunka suka kwanta a kan katako. Wannan ita ake kira faralas, kuma nisan abin hari ne ke jawo ta.

Yawancin madubin da aka ƙera don manyan bindigogin farauta an kulle su a yadi 100, wato mita 91. Mai harbin takarda da .22 kuwa aikinsa a mita 25 ne ko 50. Idan aka yi lissafi da gilashi mai faɗin milimita 40, kuskuren zai iya kaiwa kusan santimita ɗaya a mita 50, ya kai ɗaya da rabi a mita 25, in ido ya kauce zuwa gefe sosai. Ga mai harbin barewa wannan ba komai ba ne. Ga wanda da'irarsa duka santimita ɗaya ce, ya isa ya mayar da gwani ɗan koyo, ya bar shi yana zargin harsashi ko bindiga, alhali laifin na cikin gilashi ne. Magani biyu ne. Ko dai a sayi wanda aka yi musamman don ƙaramar bindiga, wanda aka daidaita a yadi 50 ko 60, ko kuma mai zobe a gaba da ake murɗawa gwargwadon nisa, wanda ake wa alamar AO. A wasu kuwa maɓalli ne a gefen hagu. A ganina, kuɗin da mutum zai ƙara don wannan zobe ya fi duk wanda zai kashe a kan fitila ja amfani. Gwada shi ma ba wuya: a kafa madubin a kan abin da ba ya motsi, a leƙa, a kaɗa kai a hankali. In zaren ya tsaya cak a kan abin da ake kallo, an dace.

Sai maɓallan gyaran saiti, ɗaya a sama, ɗaya a dama. Galibi akan rubuta 1/4 MOA a kansu, ma'ana kowane ƙas ɗaya yana gusar da harsashi kimanin milimita bakwai a mita 100, rabin haka a mita 50. Harsashin .22 mai saurin faɗuwa ne. Wanda aka daidaita a mita 50 zai sauka ƙasa da kimanin santimita 20 idan aka koma mita 100, sai an murɗa ƙas wajen talatin kafin a cim masa, in an dawo kusa kuma a warware. A nan madubin banza ke tona wa kansa asiri, domin wani ɗan ƙarfe mai tsalle ne ke tokare bututun ciki, in ya yi laushi sai ka murɗa goma ya tafi bakwai, ka dawo ya ƙi komawa inda yake. A filin harbi akan gwada shi da zagaye: a harba, a murɗa ashirin sama, ashirin dama, ashirin ƙasa, ashirin hagu, a sake harbawa. Rami na ƙarshe ya kamata ya kwanta kan na farko.

Zobban da ke riƙe madubin su dace da kaurinsa, inci ɗaya ko milimita 30, su kuma dace da tsagar da ke bayan bindigar, wadda a ƙananan bindigogi milimita 11 ta fi yawa. Kada a ɗaure su da ƙarfin tsiya, bututun na lotsewa. A nemi wanda aka cika da iskar naitirojin aka toshe, don kada ya yi gumi daga ciki da damina. Da hunturu kuma, a hure ƙura kafin a goga, kuma ba da bakin riga ba, domin ƙurar nan yashi ce mai kankare shafen da ke kan gilashi. Mai bindigar iska irin wadda ake karyawa ya sani cewa girgizarta gaba da baya take yi, tana iya wargaza madubin da ba don ita aka yi shi ba.

Idan aka tattara, 4-12x40 mai zoben AO, ko 3-9x40 da aka daidaita don .22, daga kamfani mai suna da adireshi irin su Hawke, Vortex ko Bushnell, ya wadatar da mai harbin mita 50. A kasuwannin waje ana samun irinsu tsakanin dala 100 da 200. Wanda ya ninka su a lamba ya kuma gaza su a farashi, a bar wa mai shi kayansa.

Duk wannan bayani na gilashi ne. Akwai wani hali na madubi da ya fi shafar mutumin Gezawa: gwargwadon yadda yake ƙara girman abu, haka yake rage faɗin abin da ake gani. A ninki tara, mai leƙawa a mita 50 fili mai faɗin mita biyu kawai yake gani. A ninki 24 bai kai mita ɗaya ba. Yarinyar da ta ɗauko tallar gyaɗa ta biyo burtali, ko yaron da ke kora awaki ta bayan shingen kara, ba za su shigo cikin gilashin ba sai sun riga sun shiga gaban bindiga. Harsashin nan da ake rainawa kuwa yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, kamfanonin da ke yin sa ma suna buga gargaɗin a jikin kwali. An kuma san shi da tsalle in ya bugi tsakuwa, busasshiyar ƙasa ko fuskar ruwan kududdufi.

Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Gezawa mutum 282,069 a cikin murabba'in kilomita 340, wato sama da mutum 800 a kowane murabba'in kilomita, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake yi. Ba banza ba masanin ƙasa Michael Mortimore da abokan aikinsa suka ɗauki ƙauyen Tumbau na nan Gezawa a matsayin misalin karkarar da ta cika maƙil, inda ake noma kowace gona kowace shekara ba hutu. Ka tsaya ko'ina tsakanin Jogana da Wangara ka zana da'ira mai nisan kilomita ɗaya da rabi, a matsakaicin lissafi ka kewaye mutum kusan dubu shida. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu dutsen da zai tare harsashi. Da damina gero da dawa sun fi mutum tsawo, ba ka ganin mai noma a gonar maƙwabci. Da rani fili ya buɗe, amma dabbobi da masu kiwonsu sun bazu. Babu wata kusurwa a nan da mutum zai jingina kwali a jikin bishiya ya ce bayansa babu kowa. Ko 'yan sanda, idan za su yi atisayen harbi a Hawan Kalibawa ta Dawakin Tofa, sai sun fitar da sanarwa manoma da makiyaya su kauce.

Ita ma doka ba ta bar abin sakaka ba. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi da ƙananan bindigogin hannu sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigar toka lasisinta na hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Bindigar wasa irin .22 tana rukunin tsakiya, wanda lasisinsa ke hannun Sufeto Janar, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, har bindigar iska tana cikin wannan rukuni. Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mashayi, da wanda ganinsa ya yi raunin da bai dace ya riƙe bindiga ba. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya bayyana cewa an dakatar da ba da sabon lasisi saboda yawan makamai a hannun jama'a. Shigo da kayan bindiga daga waje kuma yana buƙatar takardar izini daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Wanda ya yi odar madubi ta intanet don ya gan shi da arha, yana iya sayo wa kansa tambayoyin da ba shi da amsarsu, musamman a wannan zamani da kalmar ɗan bindiga ta sauya ma'ana a Arewa.

Sai dai hana mutane kawai ba ya kashe sha'awa, kuma sha'awar saiti ba laifi ba ce. Harbi na cikin wasannin Olamfik tun 1896, kuma gasar bindigar iska ta mita 10 ba ta bukatar daji ko dutse: ɗaki mai tsawo, bango mai kauri, akwatin ƙarfe mai kama harsashi, da ma'ajiya mai kulle a hannun hukuma. Kano na da zauren wasanni a Ƙofar Mata, tana da Makarantar 'Yan Sanda a Wudil inda masu koyarwa suke. Ya kamata Hukumar Wasanni ta Jihar Kano ta zauna da rundunar 'yan sanda su buɗe irin wannan ɗaki mai rajista, domin ɗan maharbin Gezawa mai kaifin ido ya sami inda zai gwada kansa a kan takarda. Kafin a yi haka, mai sha'awa ya riƙe kuɗinsa: lasisi tukuna, sannan filin da hukuma ta amince da shi, madubi ya zo daga baya.