Zubar Jinin Al'ada: Abin Da Ya Kamata Matan Kurfai Su Sani

A Filinge da ƙauyukan Kurfai, idan jinin mace ya wuce kwanakinsa, tambayar da aka fi yi ita ce ta salla: ta yi wanka ko ta jira? Malamai na da amsa. A mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya haura nan istihala ne, mace ta yi wanka ta ci gaba da ibadarta. Sai dai wannan hukuncin salla ne, bai tsayar da jinin ba. Akwai tambaya ta biyu da kunya ke hana yi: me ke jawo zubar, kuma me take yi wa jikin mai ita?

Likitoci na ɗaukar al'ada a matsayin lafiyayya idan tana zuwa bayan kwana 24 zuwa 38, kuma ba ta wuce kwana 8. Mace ta san jininta ya yi yawa idan tana canza ƙunzugu ko audugar mata duk sa'a ɗaya ko biyu, ko tana tashi cikin dare don canzawa, ko jinin na ratsa zane ya ɓata shimfiɗa, ko yana fita da manyan gudaji. Haka kuma jinin da ke ɓullowa tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan kwanciyar aure, yana bukatar a duba.

Dalilan suna da yawa. Ga 'yan mata da suka fara al'ada da matan da suka kusa dainawa, sau da yawa sinadaran jiki ne ba su daidaita ba. Ga masu shekara 30 zuwa sama, ƙari a mahaifa na kan gaba, kuma ya fi yawa a matan Afirka. Irin wannan ƙarin galibi ba ciwon daji (kansa) ba ne. Allurar tazarar haihuwa da robar da ake sawa a dantse kan rikita al'ada, musamman a watannin farko, kuma ungozomar asibiti na iya gyara wannan ko ta canza wa mace wata hanyar.

Akwai kuma ciwon da ake gado, inda jini ba ya saurin daskarewa. Wani likitan ƙasar Finlan, Erik von Willebrand, ya bayyana irinsa a 1926, kuma ciwon na ɗauke da sunansa har yau. Idan yarinya ta fara al'ada da zuba mai yawa tun farko, tana yawan haɓo, dasashinta na jini, ko mahaifiyarta da 'yan uwanta sun sha zubar jini wajen haihuwa, to a faɗa wa likita wannan tarihin. Cewa "haka matan gidanmu suke" ba hujjar zama a gida ba ce, alama ce da likita ke son ji.

Babbar ɓarnar zubar ita ce ƙarancin jini, wanda dama ke damun kusan rabin matan Nijar masu shekarun haihuwa. Ana ganinsa a gida kafin a je awo. Matar da ta saba daka gero ta gama ba hutu, yanzu sai ta jingina taɓarya tana haki. Ta ja guga biyu a rijiya, jiri ya ɗebe ta. A ja fatar idonta ƙasa a ga ta yi fari, tafin hannunta ma haka, wata har ta riƙa kwaɗayin cin farar ƙasa. Mutanen gida su ce ragwanci ne, alhali jininta ne ke ƙarewa wata bayan wata. Idan ta ɗauki ciki a haka, haihuwa kan zo mata da haɗari.

Wasu alamun ba sa jiran wayewar gari. Matar da ta yi ɓatan wata sannan ta ga jini da ciwon mara mai tsanani, ana iya samun ɓari ne ko ciki a wajen mahaifa, wanda ke iya kisa cikin sa'o'i. Wadda ta suma ko zuciyarta ke bugawa da sauri, a ɗauke ta nan take. Tsohuwar da ta shekara da daina al'ada ta sake ganin jini, ko ɗigo ne, ta je a duba ta, domin kansar mahaifa kan fara da haka.

Matakin farko shi ne cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa, ko a Shikal kike ko Tukunus ko Bonkuku. Daga can ana tura mace asibitin gundumar Filinge, idan abin ya fi ƙarfinsu kuma sai Yamai, mai nisan kusan kilomita 180, inda asibitin haihuwa na Issaka Gazobi ke karɓar manyan matsalolin mata. Magani akwai: ƙwayoyin ƙarin jini da ake sha tsawon watanni, maganin rage zuba a kwanakin al'ada, wani lokaci kuma tiyata. A guji asfirin, domin yana ƙara zubar, a kuma guji ƙwayoyin 'yan talla na kasuwa. Wake, zogale, yakuwa da hanta na taimaka wa jini, shayi kuwa a jinkirta shi bayan cin abinci, don yana hana jiki cin moriyarsu.

'Yar uwa, ki riƙa lura da ranar da jini ya fara da ranar da ya ɗauke, ki kai wa ungozoma lissafin. Iyaye mata, ku tambayi 'ya'yanku, don ba za su fara faɗa ba. Magidanta kuwa, kuɗin mota da izinin fita na hannunku: idan iyalinku ta ce jini ya yi yawa, ku kai ta asibiti tun tana iya tafiya da ƙafarta.